Mai ɗaki ya san inda yake yoyo: kallon gajerun finafinan Kevin Jerome Everson

Akwai wani fim da bai kai minti 12 cif ba, sunansa Sound That, an yi shi a 2014 a birnin Cleveland na jihar Ohio a Amurka. Babu jarumi a ciki, babu budurwa, babu waƙa, babu wanda ya mari wani. Ma'aikatan hukumar ruwa ne kawai suke bin titi suna neman inda bututu ya fashe a ƙarƙashin ƙasa. Mutum zai kafa dogon ƙarfe, ya kara kunnensa a ɗaya bakin, ya yi tsit. Kai ma da kake kallo dole ka yi tsit. Ko ƙarar ta iso kunnenka, gurnani kawai za ka ji, amma shi ya san ko yoyo ne, ko kuwa ruwa ne ke wucewarsa lafiya lau. Babu wata murya da za ta fito daga sama ta yi maka bayani. Haka za a gama fim ɗin yana sane da abin da kai ba ka sani ba.

To, mai karatu zai ce me ya haɗa mujallar Sabo da ma'aikatan ruwan Amurka? Ai mu ma mun yi wa kanmu wannan tambaya kafin mu ba shi wannan fili. Abin da ya ja mu shi ne, mu mutane ne da aka saba ɗauka a hoto ba tare da an tambaye mu ba. A finafinan kudu, Bahaushe maigadi ne mai gurɓatacciyar Turanci da ake dariya da shi, ko mai shayi, ko ɗan canji mai wayo. A labarai kuwa, sai an yi gobara ko rikici kyamara take tuna hanyar unguwa, kamar yadda kowa ya gani lokacin rikicin kasuwar Shasha a watan Fabrairun 2021. Finafinanmu na Kano su ma ba ruwansu da ɗan kurmi, sai dai a ce wane ya tafi Legas neman kuɗi, shi ke nan an gama da shi. Don haka idan muka ji labarin wani mutum da ya shafe shekaru kusan 30 yana ɗaukar talakawan al'ummarsa, jikokin baƙi da suka bar gida don neman abinci, kuma bai mayar da su abin dariya ko abin tausayi ba, ya kamata mu leƙa mu ga yadda yake yi.

Sunansa Kevin Jerome Everson. An haife shi a 1965 a wani gari mai suna Mansfield a jihar Ohio, iyayensa kuma daga jihar Misisipi suka hauro, yankin garin Columbus. Suna cikin baƙaƙen fata kusan miliyan 6 da suka bar kudancin Amurka tsakanin wajejen 1910 zuwa 1970, suna gudun wariyar launin fata da noman da ba ya ciyar da mai yinsa, suka nufi garuruwan masana'antu na arewa da yamma. Su tasu tafiyar daga kudu ce zuwa arewa, tamu daga arewa zuwa kudu, amma duk wanda ya taɓa aika kuɗi gida ya san zancen. Everson ya yi karatun fasaha a Jami'ar Akron da Jami'ar Ohio, ya fara da ɗaukar hoto da sassaƙa da ƙira kafin ya koma fim, kuma ya daɗe yana koyarwa a Jami'ar Virginia da ke Charlottesville. Finafinansa sun haura 200, galibinsu gajeru ne, daga minti 2 ko 3 zuwa rabin awa. Ba ya aiki da manyan kamfanonin Hollywood. Shi ne mai riƙe kyamara a yawancin aikinsa, kuma mutanen da ke ciki sau da yawa danginsa ne, ko maƙwabta, ko ma'aikatan da ya roƙa suka yarda.

Wanda ya fi taɓa mu a cikin waɗanda muka kalla shi ne Company Line na 2009, mai tsawon minti 30. Sunan wata unguwa ce a arewacin Mansfield, kusa da tsohuwar masana'antar ƙarfe, ɗaya daga cikin unguwannin farko da baƙaƙen fata suka fi yawa a garin. An kafa ta ne a ƙarshen shekarun 1940, lokacin da mutane ke ta kwararowa daga kudu bayan yaƙin duniya na biyu. A taƙaice dai zango ce. Wanda ya riga zuwa ya sauki wanda ya biyo baya, ya nema masa aiki, ya nuna masa gari. A farkon shekarun 1970 aka saye filin unguwar, mazaunanta suka watse cikin gari, kowa ya kama gabansa.

Da wani ne ya samu wannan labari, da mun san abin da zai yi. Zai nemo tsofaffin hotuna, ya zaunar da farfesa a gaban kantar littattafai, ya sa kiɗa mai sa hawaye, ya nuna mana wanda ya cuci wa. Everson bai yi ko ɗaya ba. Ya shiga motar share dusar ƙanƙara tare da ma'aikatan gari, a tsakiyar hunturu, suna aikinsu suna magana. Wanda ke ba ka labarin unguwar da ta ɓace, hannunsa na kan sitiyari, idonsa na kan titi, domin akwai aikin da zai gama kafin ya tashi. Tsofaffin mazauna su ma suna faɗin abin da suka tuna, wani ya haɗu da na wani, wani bai haɗu ba, kuma ba a zo an daidaita su ba. Wallahi haka tarihin unguwa yake fitowa a bakin masu ita. Ka zauna da dattijo a nan ka ce ya ba ka tarihin Sabo tun kafuwarta a 1916, zai ce maka ai ba shi da abin faɗa. Amma ka zauna kusa da shi yana ɗaure huhun goro, ko yana lissafin kuɗin shanu, sai ka ji sunayen masu gidajen da suka sauki fatake suna zubowa ɗaya bayan ɗaya, har da wanda ya ci amanar wa. Wani masani, Abner Cohen, ya zauna a unguwar nan a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a kanmu a 1969, kuma littafin na da amfaninsa. Sai dai shi ya zo ne ya fassara mu ga mutanen waje. Everson ba ya fassara mutanensa ga kowa. Ya sha faɗa a hirarraki cewa yana so mutanen da ke cikin fim su fi mai kallo sanin abin da ake ciki, kuma a Company Line ya cika wannan alkawari.

Akwai wani abu game da kayan aikinsa da sai an san shi za a gane dalilin da finafinan suke da irin tsayin da suke da shi. Yawanci ba da kyamarar zamani mai katin ajiya yake ɗauka ba. Yana amfani da tsohon zaren fim mai faɗin milimita 16, irin na majigi. Naɗi ɗaya mai ƙafa 400 yana ɗaukar kimanin minti 11, ƙaramin mai ƙafa 100 kuma bai kai minti 3 ba. Sau da yawa sai ya kafa kyamara, ya kunna, ya bar ta har zaren ya ƙare, kuma abin da ya shiga shi ne fim ɗin. Ba a yanka don a tsallake wurin da babu abin da ke faruwa. Kowane naɗi kuɗi ne, ba kamar waya ba da za ka ɗauki hamsin ka goge arba'in da tara, saboda haka sai ya yi tunani sosai kafin ya danna. Abin da wannan yake yi wa mai kallo kuwa, a minti biyun farko za ka ce to, mun gani, sai me? A minti na biyar ka fara jin haushi. Idan ka daure ka kai na bakwai ko na takwas, sai idonka ya gaji da jiran labari ya koma kallon hannu, da kafaɗa, da yadda mutum yake sauya ƙafa idan tsayuwa ta yi tsawo. Duk mai sana'a ya san wannan. Yaron da aka kai wa tela ko mahauci, ai watannin farko kallo kawai yake yi.

Wasu finafinan ba su wuce wannan dabara ba. Century na 2012 mota ce ƙirar Buick Century a fanteka, injin yana murƙushe ta har ta zama tulin ƙarfe. Wanda bai san komai ba zai ce ɓarna kawai ya kalla. Wanda ya san cewa kamfanin General Motors yana da babbar masana'antar buga jikin mota a gefen Mansfield, wadda ta ciyar da gidaje tun daga shekarun 1950 har aka rufe ta a 2010, bayan Westinghouse ta riga ta rufe tata a 1990, zai kalli wannan ƙarfe da wani ido daban. Workers Leaving the Job Site na 2013 kuma martani ne ga ɗaya daga cikin finafinan farko a duniya, wanda 'yan'uwan nan Lumière suka ɗauka a 1895 a birnin Lyon na Faransa, ma'aikata suna fitowa daga ƙofar masana'anta. Everson ya maimaita shi a Columbus ta Misisipi da baƙaƙen ma'aikata. Dabara ce mai kyau, amma a ganinmu ta fi daɗin ji a baki fiye da kallo. Idan an faɗa maka ita, ka riga ka ga rabin fim ɗin.

Inda gardama ta kaure a tsakaninmu shi ne kan Fe26 na 2014, fim ɗin minti 7. Sunan daga ilimin sinadarai aka ɗauko shi, Fe alamar ƙarfe ce, 26 kuma lambarsa. Mutum biyu ne a gabashin Cleveland suna yawo suna neman ƙarfe da jan ƙarfen da za su sayar. 'Yan jari-bola ne dai, ba wani ɓoye-ɓoye. Cleveland na cikin biranen da rikicin bashin gidaje na wajejen 2008 ya fi yi wa illa, aka bar dubban gidaje babu kowa, kuma bututun jan ƙarfen da ke cikinsu ya zama abincin wanda ba shi da aiki. Mutanen biyu suna magana kan harkarsu kamar yadda kowane ɗan kasuwa yake magana kan tasa, ba kunya, ba neman afuwa. Har murfin ramin titi sai da suka taɓa.

Nan ne wani daga cikinmu, wanda ya yi shekaru a harkar gwangwan kafin ya buɗe shago, ya ce shi fa bai yarda ba. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Ya ce ku dubi halin da yaranmu masu tura baro suke ciki a garuruwan kudu da Abuja. Duk murfin kwalbatin da ya ɓace, duk wayar wutar da aka yanke, baban bola ne. An hana sana'ar a wurare da dama, an kama na kamawa, an yi wa wasu dukan kawo wuƙa a kan zargi kawai, alhali mafi yawansu gwangwani da tsohon bokiti suke saye da kuɗinsu. Ya ce a irin wannan hali, wanda ya ɗauki kyamara ya nuna baƙin mutum yana ɓanɓarar ƙarfen gwamnati, ya kai wa Turawa suna kallo a ɗaki mai sanyi, me ya yi in ban da ƙara wa masu zargi hujja? Baƙar fata a Amurka ma ai da wannan tabon yake yawo, ana ganinsa ana riƙe jaka.

Sai dai akwai abin da ke sauya lissafin. Murfin ramin nan da sandunan ƙarfen da suke ɓanɓara da su ba na gaske ba ne. Everson ne ya ƙera su da hannunsa, shi da yake maƙerin fasaha ne tun kafin ya zama mai fim, ya kawo su ya ajiye, ya tsara abin da za a yi. Wato abin da ka ɗauka kyamara ta kama ɓarayi ne a kan aiki, shiri ne. Ya san sarai abin da idon mai kallo yake tsammanin gani idan ya ga baƙaƙe biyu a unguwar talakawa da ƙarfe a hannu, sai ya miƙa masa shi, kuma na bogi. Wanda ya haɗiye ba tare da tambaya ba, shi ya sani. Shi ya sa Everson ba ya yarda a kira finafinansa rahoton gaskiya. Yana sa mutane su maimaita motsi, yana ba su abin faɗa, yana kawo kayan da ya ƙera, kuma duk da haka fim ɗin yana kama da wanda aka tsinta a titi.

Mu dai mun rabu biyu a kan wannan, kuma ra'ayin wannan shafi ya fi karkata ga mai gwangwan, ko da yake ba gaba ɗaya ba. Wayon yana da kyau, amma a cikin fim ɗin ba a faɗa maka. Sai ka karanta hira da shi, ko takardar da ake rabawa a wurin nuni, kafin ka san an yi maka rufa-ido. Mutum nawa ne za su karanta? Tarkon da aka ɗana don kama mai mugun zato, idan bai taɓa sanin ya faɗa ba, ai ya tashi da zatonsa ne har da ƙari. Abin da ya ceci Fe26 a wurinmu ba wannan wayon ba ne. Mutanen biyu ne, yadda suke da sabo da juna, da raha, da sanin darajar kowane ƙarfe. Ko ka zo da zargi, da wuya ka tashi ba ka ji cewa ka zauna da mutane masu kai ba.

Wanda babu gardama a kansa shi ne Ears, Nose and Throat na 2016, wato kunne, hanci da maƙogwaro, kimanin minti 10. Yana farawa da titunan unguwa da dare, da wata 'yar ƙara mai tsini da take zuwa a kunne ɗaya, ta koma ɗaya. Daga baya za ka gane ƙarar gwajin ji ce irin ta asibiti. Wata mata ce ta je ganin likita, ana duba maƙogwaronta, ana gwada kunnenta. A cikin haka muryarta take ba da labarin wani kisa da aka yi a gaban idonta a Mansfield, yadda gardama ta tashi, yadda aka harbi wani saurayi. Tana faɗa a hankali, ba kuka, ba ɗaga murya, kamar wadda ta riga ta faɗa sau da yawa.

Saurayin da aka kashe ɗan Everson ne, a 2010. Ka tsaya ka yi tunanin wannan. Uba ne yake riƙe da kyamara, yana sauraron yadda ɗansa ya mutu daga bakin wadda ta gani, kuma bai juyo da kyamarar kan fuskarsa ba ko sau ɗaya. Bai sa kiɗa ba. Bai nuna gawa ba, bai nuna jini ba, bai maimaita harbin da 'yan wasa ba. Abin da ya nuna shi ne jikin shaidar, kunnen da ya ji ƙarar bindigar da maƙogwaron da ya ɗauki labarin, likita yana duba su ko suna aiki. Mu da muka taso da kunyar ɗan fari, inda uwa ba ta kiran sunansa, uba kuma ba ya nuna damuwarsa a gaban mutane, wannan kawaici ba baƙo ba ne a wurinmu, ko da yake nasa dalilin daban ne. Kuma ku kwatanta da abin da muke yi yanzu. Hatsari ya faru a titin Legas zuwa Badun, kafin a sanar da iyalan mamaci hoton gawarsa ya zaga WhatsApp, wani ma har da ɗora waƙa a kai. A nan ga mutumin da ya fi kowa haƙƙin nuna raunin, ya ƙi. Fim ɗin ya fi duk wani hoton jini da muka taɓa gani nauyi a zuciya, kuma ko da wannan kaɗai ya yi, ya isa a san sunansa.

Ba duka ne suka kai haka ba fa. Mutumin da ya yi fim sama da 200 dole a samu na cikon benci. Akwai waɗanda gwaji ne kawai, irin zanen da mai zane yake yi a gefen takarda, kuma da ya bar su a aljihu da ba a yi asara ba. Ninety-Three na 2008 minti 3 ne, ba sauti, wani dattijo yana ƙoƙarin hure kyandir 93 a kan kek, an rage gudun hoton. Wannan ya yi kyau, don numfashin da ke ƙarewa da wutar da ta ƙi mutuwa sun isa magana. Three Quarters na 2015, 'yan dabo biyu suna wasa da hannu, shi ma yana da daɗin kallo. Amma Emergency Needs na 2007 ya ba mu wahala. An raba allo, gefe guda tsohon hoton Carl Stokes, baƙar fata na farko da aka zaɓa magajin garin wani babban birni a Amurka, a Cleveland a 1967, yana amsa tambayoyin 'yan jarida bayan tarzomar unguwar Glenville ta watan Yulin 1968, ɗaya gefen kuma wata 'yar wasa tana maimaita kalmominsa da motsinsa. Idan ba ka san Stokes ba, ba ka san Glenville ba, an bar ka a waje, kuma fim ɗin ko a jikinsa. Ƙin yin bayani yana da daraja idan mai ɗaki ne ake girmamawa, amma wani lokaci rowa ce kawai. Kada ma a yi zancen Park Lanes na 2015, wanda ba gajere ba ne, awa 8 cur a wata masana'anta a Virginia, daidai tsawon yinin ma'aikaci. An ce mai kallo yana iya fita ya dawo. To, madalla. Wanda ya yi awa 8 yana dako a Bodija dai ba zai zo ya zauna ya kalli wasu suna nasu ba.

Wannan ya kawo mu ga babbar matsalar, wadda ba mu ga yadda za a kauce mata ba. A ina ake nuna waɗannan finafinai? A gidan kayan fasaha na Whitney a New York, inda aka sa shi a babban baje kolinsu na 2008 da 2012 da 2017. A Tate Modern a Landan, a Pompidou a Faris, a bukukuwan fim na Rotterdam da Balin da Sundance. Su wa ke zuwa can? Galibi masu digiri ne, masu hali, kuma mafi yawansu farare. Mai share dusar ƙanƙara a Mansfield da mai sauraron bututu a Cleveland ba nan suke zuwa hutun ƙarshen mako ba. Wato an ɗauki gwanintar talaka, an kai ta inda talaka ba ya shiga, ana yaba ta da Turancin da shi kansa ba zai gane ba. Ba mu ce laifin Everson ne shi kaɗai ba. Gidajen silima na kasuwa ba za su karɓi fim ɗin minti 7 da ba shi da labari ba, talabijin ma haka, kuma dole mutum ya kai kayansa kasuwar da ake saye. Za a iya cewa ma da gangan yake shigar da fuskokin nan ɗakunan da aka daɗe ana rataye hotunan sarakunan Turai, ya tilasta wa masu zuwa su zauna minti 11 suna kallon leburan da ba za su kalla a titi ba. Mun yarda akwai wannan. Amma mutuncin da ake ba ka a inda ba ka nan, rabinsa ne ya iso ka.

Duk da haka, ga yaranmu da suke yawo da waya suna ɗaukar barkwanci don TikTok, akwai abin ɗauka a nan wanda ba ya buƙatar zaren milimita 16 ko kuɗin jami'a. Mahaucin da yake fiɗa ba tare da ya huda fata ba, ɗan canjin da yatsunsa suke gane jabun kuɗi kafin idonsa ya gani, mai ɗinkin hula, matar da take tuyar ƙosai tun asuba ba ta taɓa auna gishiri da cokali ba, tsohon da ya san goron Shagamu daga na wani wuri da ganin ɓawo kawai, babu wanda ya taɓa kafa musu kyamara minti 10 ya yi shiru. Kullum sai an sa su sun yi magana, ko an sa su sun ba da dariya, ko an tambaye su me suke roƙon gwamnati. Wasu daga cikinsu ba za su kai shekara goma nan gaba ba, kuma gidajen da suke zaune ana ta rushe su ana gina shaguna.

Samun finafinan sai an sha wuya. Wani kamfani a Ingila mai suna Second Run ya fitar da tarin wasu daga cikinsu a faifai a 2020, ana kuma cin karo da guntaye da hirarrakinsa a intanet idan aka rubuta cikakken sunansa. Turancin mutanen ciki na unguwa ne, mai nauyi, ko wanda ya yi boko sai ya kasa kunne sosai, amma da yawa daga finafinan ba su da magana ko kaɗan. Wanda zai fara, ya fara da Sound That, sannan Company Line. Ears, Nose and Throat kuwa kada a kalle shi a shago ko a majalisa ana hira. A bari sai dare, a sa abin ji a kunnuwa biyu, don ƙarar nan tana zuwa ne ta hagu sannan ta dama, kuma lasifikar waya haɗe su take yi wuri ɗaya.